Haƙƙin Mai Gida Idan An Sayar da Bashinsa: Jawabi a Taron Ƙungiya a Bronx, New York

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, ina godiya da kuka ba ni wannan ɗan lokaci.

Abin da ya sa na nemi magana shi ne wata wasiƙa da ta yi mako biyar a kan firjin gidana, a ƙarƙashin takardun talla, ban buɗe ta ba saboda ban san sunan kamfanin da ke jikinta ba. Ashe sanar da ni ake yi cewa bashin gidana ya canza hannu. Da na ba wasu daga cikinku labari, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne.

A gida mun saba wanda ya ba ka rance shi zai bi ka har ka gama biya, kuma ka san ƙofar gidansa. A Amurka bashin gida haja ce. Banki yakan ba ka yau, bayan 'yan makonni ya sayar wa Fannie Mae ko Freddie Mac, wato manyan kamfanonin da ke sayen bashin gidaje, ko wasu masu zuba jari, kuma doka ba ta ce sai ya nemi yardarka ba. Abin da ta wajabta shi ne a sanar da kai, kuma sanarwar iri biyu ce, wadda rashin rarrabe su ke jefa mutane cikin ruɗani.

Ta farko ta shafi wanda ya mallaki bashin. Bayan rikicin gidaje na 2008, lokacin da iyalai da yawa suka nemi sassauci amma suka rasa ma wanda ke bin su, Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka a watan Mayun 2009 wadda ta yi ƙari a kan TILA, dokar da ta wajabta bayyana gaskiyar sharuɗɗan rance. Tun daga nan, wanda ya sayi bashinka dole ya rubuto maka cikin kwana 30, ya faɗi sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa, ranar da bashin ya koma hannunsa, da wanda za ka tuntuɓa a madadinsa. Wannan wasiƙa sau da yawa ba ta canza inda kake biya.

Ta biyu ce mai taɓa aljihu, domin ta shafi canjin kamfanin da ke karɓar kuɗin wata, wanda kuma sau da yawa shi ke biya maka harajin gida da inshora. Wata doka mai kare masu bashin gida, mai suna RESPA, ta ce tsohon kamfani ya sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin ranar canji, sabon kuma kada ya wuce kwana 15 bayanta, ko da yake suna iya haɗa takarda ɗaya su aiko tun da wuri. Sannan ga rangwamen da nake so kowa ya riƙe: a cikin kwana 60 na farko, idan ka aika kuɗinka ga tsohon kamfani a kan lokaci, ba za a ci ka tara ba, ba za a kuma ɗauke ka wanda ya makara ba. Wannan rangwame shi ya cece ni, domin bankina ya ci gaba da tura kuɗi tsohon wuri kamar yadda na umarce shi shekaru da suka wuce. Masu biya kai-tsaye daga asusu, ku duba wannan musamman, haka ma masu tafiya gida hutu ko aikin Hajji su bar akwatin wasiƙa ba mai dubawa.

Sharuɗɗan da ka sa wa hannu ba sa canzawa don an sayar da bashin. Kuɗin ruwa da wa'adi suna nan yadda yarjejeniya ta tsara.

Sai dai a yi hattara, domin 'yan damfara sun san wannan tsari sarai, kuma sukan buga wasiƙa mai tambari su ce a koma biya a sabon asusu. Idan takarda ta zo daga sabon kamfani alhali tsohon bai ce komai ba, kada a kira lambar da ke jikinta. A ɗauko tsohuwar takardar biya a kira lambar da aka saba. Kuma kana da ikon rubuta wa mai karɓar kuɗinka ka tambayi wanda ya mallaki bashin, dole ya amsa cikin ranakun aiki 10. Ina ba da shawarar a yi haka a rubuce, a ajiye kwafi da shaidar gidan waya, don maganar tarho ba ta da sawu. In aka yi biris da kai, akwai CFPB, hukumar gwamnatin tarayya mai kare masu hulɗa da kamfanonin kuɗi, da ke karɓar ƙorafi kyauta, in kuwa asara ta shiga, a nemi lauya da wuri, saboda wa'adin kai ƙara a ƙarƙashin TILA yawanci shekara 1 ne kacal.

Duk wanda ya zo da irin wannan wasiƙa yau, zan zauna a teburin baya bayan sallar La'asar mu karanta ta tare. Na gode, wassalamu alaikum.