Lacca: Me Ya Sa Ƙudurin Sabuwar Shekara Ba Ya Kai Labari?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Duk lokacin da shekara ta juyo, ta Hijira ce ko ta Miladiyya, sai ka ga mutum ya samo sabon littafi ya rubuta: bana zan yi ajiya, zan rage ƙiba, zan koyi sana'a, zan daina fushi. Abin ba yau aka fara ba. Kusan shekara 4,000 da suka wuce, mutanen Babila kan yi wa gumakansu alkawarin biyan bashi da mayar da kayan aro a bikin sabuwar shekararsu. Ɗaukar alkawari bai taɓa gagarar ɗan Adam ba, wajen cikawa ne ake jin jiki.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka, ya bibiyi mutum 200 da suka ƙudura wani abu a farkon shekara. Bayan mako guda, kashi 77 cikin ɗari ne ke riƙe da nasu. Bayan shekara biyu, saura kashi 19. Kun ji ko? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya saki tun a makon farko.

Wasu za su ce lalaci ne. Ni ban yarda ba. Yawancin ƙudurorin nan ba su da lokaci, ba su da wuri. Wanda ya ce "zan ƙara karatu bana" bai faɗa wa kansa komai ba, domin kullum gobe tana nan. Amma a ce ya rubuta: "Da na gama cin abincin dare, zan zauna a kujerar bakin taga in karanta shafi biyar, wayata tana wani ɗaki." To wannan ya riga ya yanke shawara tun da rana, ba sai dare ya yi, gajiya ta kama shi, sannan ya fara ciniki da zuciyarsa ba. Peter Gollwitzer, wani masani Bajamushe, ya yi bayanin wannan a 1999: idan ka ɗaure aiki da wani lokaci ko wani abin da ka saba yi, lokacin ne da kansa zai riƙa tuna maka. Haka ma ajiya. Ranar da kuɗi suka shigo hannunka, cire nata kafin ka taɓa sauran, domin mai jiran abin da zai rage a ƙarshen wata ba zai ga komai ba.

Sai maganar haƙuri. Ana yawan cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki. Binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan kan mutum 96 ya nuna ana kaiwa kimanin kwana 66, wani 18 ya ishe shi, wani sai 254. Abin da ya fi faranta mini rai a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ina roƙonku ku riƙe wannan, don na ga mutane da yawa da suka yi fashin kwana guda suka ce shi ke nan, sai baɗi. Kai ɗan'uwa, Talata ce ta kuɓuce maka, Laraba tana nan! Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Kada ku jero buri goma. Kafin mu tashi, kowa ya zaɓi ɗaya, ya rubuta yaushe da kuma a ina, ya nuna wa na kusa da shi. Malama, na ga hannunki a sama tun ɗazu, bismillah.