Sharhi: Hank Gathers, ana tuna jifan hagu an manta da na'urar da ke gefen fili

Jama'a masu sauraro, duk shekara da zarar watan Maris ya kama, lokacin da Amurkawa ke haukar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, sai ka ga an sake fito da bidiyon nan guda. Wani matashi mai suna Bo Kimble ya tsaya a layin jifan kyauta, shi ba bahago ba, ya ɗauki ƙwallo da hannun hagu ya jefa don tunawa da abokinsa Hank Gathers da ya rasu, ta faɗa kwando, filin wasa ya ɗauki ihu. Daga nan sai magoya baya su shiga yabo da hawaye, wannan ya ce Allah sarki Hank, wancan ya ce ai ya rasu yana abin da ransa ke so. To wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta hana ni shiru yau, don wallahi na gaji da jin ta.

Ga wanda bai san shi ba, Hank Gathers yaron Filadelfiya ne, ya taso a unguwar marasa hali, shi da abokinsa Bo Kimble suka yi sakandare ɗaya, suka tafi jami'ar USC tare, suka kuma baro ta tare zuwa wata ƙaramar jami'a a Los Angeles mai suna Loyola Marymount. Kocinsu Paul Westhead, wanda ya taɓa cin kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da ƙungiyar Lakers a 1980, salonsa ɗaya ne, gudu, kada ƙwallo ta wuce daƙiƙa bakwai a hannunku ba a jefa ba. A kakar 1988 zuwa 1989 Hank ya fi kowa cin maki a duk faɗin jami'o'in ƙasar, maki 32.7 a kowane wasa, ya kuma fi kowa cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, 13.7. Kafin shi mutum ɗaya kacal ya taɓa haɗa biyun nan a kaka guda, Xavier McDaniel. Shekarar da ta biyo baya ƙungiyar tana zuba maki 122.4 a wasa, har yau ba a karya wannan ba a rukunin manyan jami'o'i. Gwani ne, babu mai musu, kuma kowa ya san NBA na jiransa da maƙudan kuɗi.

Yanzu ku buɗe kunne da kyau. Ranar 9 ga Disamban 1989, ana wasa da jami'ar Santa Barbara, Hank ya yanke jiki ya faɗi a layin jifan kyauta. Aka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, likitoci suka gano zuciyarsa na rikicewa da bugu idan ya motsa jiki da ƙarfi. Aka ɗora shi kan wani magani Inderal mai rage gudun zuciya. Jami'ar ma ta sayi na'urar farfaɗo da zuciya, irin wadda ake manna wa mutum a ƙirji ta ba shi shokin, aka riƙa ajiye ta a gefen fili. Kun ga kenan an sani. Likita ya sani, koci ya sani, makaranta ta sani tunda har ta kashe kuɗi ta sayi na'ura. Wasa biyu kawai ya rasa, kafin Disamba ya ƙare ya dawo fili.

Maganin yana sa shi kasala, ƙafafu su yi nauyi, wasansa ya ja baya, a ƙungiyar da ba ta san komai ba sai gudu. Sai aka shiga rage masa maganin, a rage a sake ragewa, wasa kuwa ya dawo. A watan Fabrairun 1990 ya je gidan jami'ar LSU, inda Shaquille O'Neal yake a lokacin, Shaq ya yi ta kaɗe masa ƙwallo a farkon wasa amma Hank bai fasa ba sai da ya zuba maki 48, duk da an ci su 148 da 141 bayan ƙarin lokaci. Magoya baya har gobe suna kawo wannan wasan a matsayin shaidar jarumta. Ni kuwa in na kalli wasan nan abin da nake gani shi ne yaro mai ciwon zuciya da aka rage wa magani yana ta gudu a fili, manya suna tafi.

Ranar 4 ga Maris 1990, a filinsu na Gersten Pavilion, wasan kusa da na ƙarshe na gasar yankinsu da jami'ar Portland. Terrell Lowery ya cilla masa ƙwallo sama tun daga tsakiyar fili, Hank ya yi tsalle ya dankara ta cikin kwando, maki ya zama 25 da 13. Ya juyo da gudu zai koma tsaron gida, yana isa wajen tsakiya ya faɗi. Ya yunƙura zai tashi zaune, ya sake komawa. Mahaifiyarsa na cikin 'yan kallo. Ɗan wasan Portland da ke tsaye dab da shi ma kun san shi, Erik Spoelstra ne, kocin Miami Heat na yanzu. Na'urar nan tana nan a gefen fili, amma ba a jona masa ita a inda ya faɗi ba sai da aka ɗauke shi aka fita da shi waje. A asibiti aka tabbatar rai ya yi halinsa, yana da shekara 23. Binciken gawa ya nuna ciwon kaurin naman zuciya ne.

To a gaya min, a ina labarin "ya rasu yana abin da yake so" ya shigo nan?

Na san abin da wasu za su ce, har a cikinmu nan. Za a ce Malam kwana ne ya ƙare, ko da an kulle shi a ɗaki ranar sai ya tafi. Babu Musulmin da zai yi jayayya da ajali, ni ma ban yi ba. Amma ajali bai taɓa wanke mai sakaci ba, direban da ya san birkinsa ya lalace ya kwashi fasinja ba a sallamarsa a ce ai kwanansu ne ya ƙare. Wasu kuma su ce ai babba ne, shi ya nace sai ya buga, shi ya yi ta ƙorafin maganin, har an ce yana tsallake ranar ganin likita. Eh, ya nace. Wane yaro ne ɗan shekara 23 da ya fito daga talauci, yana hango kwantiragin miliyoyin dala saura 'yan watanni, zai ce a ajiye ni a benci? Ai saboda haka ake ɗaukar likita da koci a biya su albashi, don su ce a'a a ranar da yaron ba zai iya cewa a'a ba.

Ba zan tsaya a nan in ce wane ne ya kashe shi ba, don kotu ma ba ta faɗi haka ba. Iyalinsa sun shigar da ƙara suna neman dala miliyan 32.5, ana zargin an matsa wa likita lamba ya rage maganin, kocin ya musanta, daga baya aka sasanta aka biya wani abu. Ko da an bar shi kan cikakken magani, ko da an jona na'urar a minti na farko, zai rayu? Allah kaɗai ya sani. Abin da ba na shakka a kai shi ne an san yana da ciwon tun Disamba, kuma a Maris yana cikin fili.

Shi jifan hagun ba na raina shi, abu ne mai taɓa zuciya. Hank ba ya iya jifan kyauta sosai, sai ya koma gwadawa da hagu, shi ya sa abokinsa Bo ya riƙa jefa na farko a kowane wasa da hagu don tunawa da shi, kuma duk wanda ya jefa ya shiga. Ƙungiyar ta shiga babbar gasar ƙasa babu mai sa ran za ta yi abin kirki, ta doke New Mexico State, ta lallasa Michigan mai riƙe da kofi 149 da 115, ta sha da ƙyar a hannun Alabama 62 da 60, sai a zagayen 'yan takwas jami'ar UNLV ta tsayar da ita. Labari mai daɗi, shi ya sa gidajen talabijin ke son sa, yana sa kuka kuma ba ya tuhumar kowa. An rataye rigarsa mai lamba 44, a 2020 an kafa masa mutum-mutumi a ƙofar filin. Madalla. Amma a cikin masu yaɗa bidiyon nan duk shekara, mutum nawa ne suka san akwai na'ura a gefen fili ranar?

Mu ma ba mu da bakin yi wa Amurkawa dariya. Wata huɗu kafin faɗuwar Hank ta farko, ranar 12 ga Agustan 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ana wasa da Angola, zuciya ce, bai tashi ba. Shi ma mun yi masa mutum-mutumi. A 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ta Faransa, ciwo iri ɗaya da na Hank. Sannan a watan Maris 2020, kwanaki kaɗan bayan an buɗe mutum-mutumin Hank, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Shekara talatin tsakani, jama'a, mota ta ƙi tashi!

Kuma kada wani ya ce min na'urar ba ta aiki. A Yunin 2021 duk duniya ta ga Christian Eriksen ya faɗi a gasar Turai, aka danna masa ƙirji aka ba shi shokin a nan cikin fili, ya dawo har ya ci gaba da taka leda. A Yulin 2023 Bronny ɗan LeBron James ya faɗi wajen atisaye a USC, makarantar da Hank ya fara, ma'aikatan lafiya suka rufa a kansa nan take, kafin shekarar ta ƙare ya koma buga wasa. Su ba a jira an fita da su waje ba.

Don haka duk mai son tuna Hank Gathers a wannan watan ya tuna shi gaba ɗaya, da maki 48 ɗin, da faɗuwar Disamba, da maganin da aka rage, da na'urar da aka saya ba a jona ba a kan lokaci. In kuma ɗanka ko ƙaninka na buga wa wata makaranta ko kulob, ka je wajen koci ka tambaye shi yaushe aka duba zuciyar yaran nan, in ɗaya ya faɗi yanzu wa ya iya danna ƙirji, na'urar tana ina, kuma motar asibitin tana tashi ko sai an tura.