Wa za ka ba jikin majinyacinka? Lacca daga Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, da iyaye mata da ke can baya, ina fatan murya tana isowa.

Da kawuna zan fara, Allah ya jiƙansa. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Muka ɗauko wani mai tausa da aka ce hannunsa na da albarka. Kullum da safe sai ya dafe kafaɗar tsoho, ya finciki hannun da ƙarfi, tsoho na salati, mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa muna cewa magani ne ke shiga. Kafin wata uku kafaɗar ta goce daga gurbinta, ko riga ba a sa masa sai da hawaye. Da muka kai shi asibitin Komfo Anokye, wato Gee, ma'aikaciyar fisiyo, masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ta ɗauko matashi ta tallafe gwiwar hannun, ta ce hannun da ya shanye ba a jansa, domin naman da ke riƙe da gaɓar ya riga ya saki. Har yau abin yana ci mini rai.

To, jama'a, duk wanda zai taɓa jikin mai shanyewa, ko yaron da shan inna ta kama, ku nemi ganin lasisinsa. Tun 2013 doka ta kafa hukumar Allied Health Professions Council, ita ke yi wa masu fisiyo rajista a Ghana. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Ƙwararre zai fara da tambayarku: yaushe abin ya faru, wane magani yake sha, yana da suga? Sannan ya koya wa mai jinya aikin gida, kamar juya kwantacce duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige. Hajiya, na ga kin gyaɗa kai, kin san wannan wahala.

Batun kuɗi. Katin inshorar lafiya, wato NHIS, yana ɗaukar fisiyo, amma ba ya sayen ƙafar roba ko takalmin ƙarfe. Ana ƙera waɗannan a cibiyar ƙashi ta Nsawam, wadda ke aiki tun 1961. Akwai kuma kason nakasassu a asusun Common Fund, kuɗin da gwamnati ke raba wa gundumomi. Mu 'yan Aboabo, ofishin walwalar jama'a na Asokore Mampong za mu nufa. Ku je, ku sake komawa, haƙƙinku ne.

Samari masu gidajen ɗaga ƙarfe, ku ma ina da magana da ku. Dokar nakasassu ta 2006 ta ba da shekara 10 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun 2016, amma har yanzu gwata da matakala ke tare mai keke a ƙofa. Alhali 'yan ƙwallonmu masu ƙafa ɗaya, Black Challenge, sun ɗauko kofin Afirka a 2021. Ku zuba siminti a ƙofar nan keke ya hau. Idan mutum ya shigo, shi za ku tambaya abin da jikinsa ke iyawa, ba mai tura shi ba, kuma ku nemi takardar mai fisiyonsa kafin ku miƙa masa ƙarfe.

An kusa kiran la'asar. Malam, a ba iyaye mata lasifika su fara tambaya.