Majalisar Kaduna ta 1979: 'Yan Majalisa 99 da Gwamna Ɗaya

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Nura a gefena, ga kuma Malam Garba da muka sha alwashin yau sai ya buɗe mana tsohon kundi. Malam, barka da zuwa.

Malam Garba: Barka kadai, 'yata. Wane kundin kuke so?

Nura: Majalisar dokokin jihar Kaduna ta jamhuriya ta biyu. Jiya na ga an ce mutum 99 ne a cikinta, na ce anya ba kuskuren bugu ba ne? Yau fa 34 ne.

Malam Garba: Ba kuskure ba ne. Ka manta a lokacin Katsina tana cikin Kaduna, sai 1987 aka raba. Tun daga Daura da Jibiya har Kafanchan, majalisa ɗaya ce. Kuma tsarin mulkin 1979 cewa ya yi a ninka kujerun majalisar wakilai ta tarayya sau uku. Kaduna na da 33, ka ga 99 ke nan. Kano ma 138 gare ta.

Zainab: Duk a Lugard Hall suke zama?

Malam Garba: A nan, ginin nan mai ƙubba, inda majalisar Jihar Arewa ta zauna zamanin Sardauna. To amma ba yawansu ne labarin ba, rabonsu ne. A zaɓe jam'iyyar NPN ta kwashi kujera 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Sai kuma jama'ar nan dai suka juya suka ba Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kayar da Lawal Kaita na NPN.

Nura: Wato an ba wani doki, an ba wani linzami.

Malam Garba: (dariya) Haka fa. Kakakin majalisa kuma Mamman Abubakar Danmusa, ɗan NPN. Tun zaman farko-farko aka ja daga. Gwamna ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayar masa. Har ya bar kujerar nan bai taɓa rantsar da kwamishina ko ɗaya ba.

Zainab: Kusan shekara biyu? To wa ke riƙe da ma'aikatu?

Malam Garba: Manyan sakatarori da masu ba shi shawara. NPN cewa take tunda ita ke da rinjaye, dole a dama da ita. Shi kuwa Balarabe ya ce talakawa ba su zaɓe shi don ya raba muƙami da waɗanda ya yi yaƙi da su ba. Ga shi daga hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda gwamnan Kano Abubakar Rimi, shi ma ɗan PRP, ya yi. Ni na ga wannan da idona. Kafin nan, in aka ji masu ƙirgar shanu sun doso ƙauyenmu, da asuba Fulani ke kora rabin garke cikin daji. Babana kuma yana da wata 'yar gwangwani da yake adana takardar haraji, don in ka ɓatar da ita sai ka sake biya. Ranar da aka faɗi a rediyo an soke, sai da ya sa aka ƙara murya, ya ce a bari ya ji da kyau.

Nura: Amma Malam, bari in ɗan tsaya wa majalisar. Ai tantance kwamishinoni haƙƙinta ne. Su ma zaɓarsu aka yi. Gwamna ba zai ce nasa zaɓen ya fi nasu tsarki ba.

Malam Garba: Ban ƙi ta taka ba, ɗana. Mutumin yana da taurin kai, ko masoyansa sun sani. Abin da nake ƙi shi ne a mai da tantancewa sandar duka. Ka ƙi mutum ɗaya don ka ga aibinsa, wannan aiki ne. Ka ƙi jerin gaba ɗaya, kuma ka sake ƙi, wannan kuma ciniki ne.

Zainab: Ita PRP ɗin ba ta kare shi ba?

Malam Garba: Da me? Kujera 16? Ga shi gidan ya rabu, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suna tare da gwamnonin biyu. Ana haka majalisa ta kawo tuhume-tuhume, ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya.

Nura: Akwai abin da na karanta ya ba ni mamaki. Ashe kwamitin mutum bakwai da ya binciki gwamnan, kakakin majalisa ne ke naɗa shi?

Malam Garba: Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ke nan. Kakaki ya zaɓo, majalisa ta amince. Mai ƙara shi ke ɗauko alƙali. Sashen kuma ya hana kotu sa baki, shi ya sa da Balarabe ya garzaya can, aka ce masa ba hurumi. A tsarin mulkin 1999 ne aka mayar da naɗin hannun babban jojin jiha.

Zainab: Sai mataimakinsa ya hau.

Malam Garba: Abba Musa Rimi, shi ma PRP. Shi majalisar ta amince masa da kwamishinoni, ya ƙarasa wa'adin. A 1983 Lawal Kaita ya ci, Danmusa ya tafi majalisar dattawa ya zama mataimakin shugabanta. Sabuwar majalisar da aka rantsar ko wata uku cikakku ba ta yi ba, soja suka zo ranar 31 ga Disamba.

Nura: Malam, gwangwanin nan na Baba, tana nan?

Malam Garba: Tana hannun yayata a ƙauye. Allura da zare take zubawa a ciki.