Lu'ulu'u biyu, nauyi ɗaya, amma ɗaya ya fi ƙyalli

RAKIYA: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da war haka daga birnin Yamai. Yau muna rumfar Baba Isa maƙerin zinariya, in kun ji guduma ko babur ku yi mana uzuri. Ga kuma Hajiya Hadiza da ta sauka daga Dubai shekaranjiya. Hajiya, sannu da hanya.

HAJIYA: Yauwa ɗiyata. Malam Isa, ina gajiya?

BABA ISA: Babu gajiya, Hajiya. Gajiya ai taku ce, masu hawa jirgi.

RAKIYA: Hajiya, ba mu labarin da kika fara ba ni a mota, shi ya tara mu.

HAJIYA: Saƙo aka ba ni, zoben amarya da za a sa cikin lefe. Na shiga wani kanti a kasuwar zinariya, suka fito min da lu'ulu'u biyu, ko daimon kamar yadda yara ke cewa. Kowane karat ɗaya, takardunsu sun ce launi ɗaya, tsabta ɗaya. Amma wallahi ɗaya kamar an kunna masa fitila a ciki, ɗayan kuma yana nan shiru kamar gilashin shayi. Mai hasken ma ya fi girma a ido. Na ce ku sake aunawa. Suka auna, nauyi ɗaya.

BABA ISA: Kin tambayi faɗinsu?

HAJIYA: Faɗi kuma? Ni nauyi na sani, ƴar zinariya ce.

RAKIYA: Tsaya Baba, kafin mu yi nisa. Karat ɗin nan shi ne na zinariya, da ake cewa 18 ko 21?

BABA ISA: Suna ne kawai ya haɗa su. A zinariya karat tsantsa yake nunawa, 24 ita ce zalla. A lu'ulu'u nauyi ne, gram ɗaya ka raba shi biyar, kashi ɗaya shi ne karat. To zagayayyen dutse mai karat ɗaya, in an yanka shi daidai, faɗinsa kusan milimita 6.5 ne. Amma mai yanka yana iya barin masa gindi mai zurfi don kada nauyi ya sauka ƙasa da karat ɗaya, tunda a nan kuɗi ke tsalle. Sai nauyin ya ɓuya a ƙasa inda ido ba ya gani, fuska ta tsuke, haske kuma ya zurare ta gindi kamar ruwa a ƙwarya mai huji.

HAJIYA: Ashe ƙwarya mai huji na gani.

BABA ISA: Ita ce. Lu'ulu'u ba ya da hasken kansa, aro yake yi ya mayar. Zagayayyen yanka yana da fuskoki 57 ko 58, kowace madubi ce ƙarama. Haske ya shiga ta sama, ya bugi bangon ƙasa na wannan gefe, ya tsallaka ya bugi na wancan, ya dawo idonka. Wani ɗan birnin Anvers a Beljiyam, Marcel Tolkowsky, shi ya zauna ya lissafa wannan a 1919. Ya ce kafaɗar sama ta kwanta digiri 34.5, tsinin ƙasa digiri 40.75, shimfiɗaɗɗiyar fuskar saman kuma ta ɗauki kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutsen. Har yau duk masu cika bakin yanka kusa da lissafinsa suke shawagi.

RAKIYA: To in lissafin ɗaya ne, me ya sa kowane kamfani ke cewa nasa ya fi? Na ga Hearts On Fire, na ga Whiteflash, ga Tiffany, ga Cartier.

BABA ISA: Ba sana'a ɗaya suke sayarwa ba, ɗiyata. Hearts On Fire, da aka kafa a Boston a 1996, da Whiteflash na Houston mai tambarin A CUT ABOVE, waɗannan yankan kansa suke tallatawa. Abin alfaharinsu wani zane ne da ya fito daga Japan a shekarun 1980. In ka kifa dutsen cikin wata ƴar na'urar leƙe za ka ga zukata takwas sun yi da'ira, in ka juyo shi za ka ga kibau takwas. Zanen ba ya fita tsaf sai kowace fuska ta kalli abokiyarta daidai wa daida.

HAJIYA: An nuna min wannan! Na ɗauka zane suka yi a ciki.

BABA ISA: Ba zane ba ne, madubai ne ke kallon juna. Su kuwa Tiffany da Cartier, dutsensu mai kyau ne, ban musa ba, amma rabin abin da kike biya suna ne da gidan da aka zaunar da dutsen. Tiffany ai da mazauni suka yi fice, tun 1886 da suka ɗaga dutse sama kan ƴan farata shida. Takardar dutsen ma Tiffany su suke rubuta abinsu da kansu.

RAKIYA: Mai kaya shi ke yaba kayansa ke nan.

BABA ISA: Ba na ce ƙarya suke yi ba. Amma in kina son gwada dutsen wannan gida da na wancan, ai mudu ɗaya ya kamata a auna su da shi. Mudun da aka fi yarda da shi na GIA ne, cibiyar Amurka da ta fito da awon abu huɗu: nauyi, launi, tsabta, yanka.

HAJIYA: To ai a nan nake da ƙorafi, Malam. Duwatsun nan biyu duka takardar GIA gare su, duka an ba su matakin ƙoli a yanka.

BABA ISA: Matakin ƙolin nasu ɗaki ne mai faɗi. Akwai wanda ke zaune a tsakiya, akwai wanda ke bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a waje. Shi ya sa nake cewa a karanta lambobin kusurwa da ke kan takardar, kada a tsaya ga kalma ɗaya.

RAKIYA: Baba, mu ɗauka na samu biyu, duka na tsakiyar ɗaki, ɗaya daga wannan kamfani ɗaya daga wancan. Idona zai raba su?

BABA ISA: Kan yatsa, daga nesa da taku biyu, da wuya. Abin da za ki gani bambancin hali ne. Ƙyalli iri uku ne. Akwai farin haske da ke cika fuska. Akwai wuta, wato launukan bakan gizo da ke fantsama. Akwai walƙiya, kunnawa da kashewa in hannu ya motsa. Dutse mai doguwar kafaɗa da ƙaramar fuskar sama ya fi ba da wuta. Mai faɗin fuska ya fi fari. In kiban nan sirara ne, walƙiyar ƙanana ce masu yawa, kamar yayyafi. In kauri gare su, sai ta zo manya-manya, ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma masu ƙara fuskoki, kamar yankan da ake kira Leo mai fuskoki 66, su ce ya fi. Ni a ƙaramin dutse ba ya burge ni, ƙyallin sai ya dagule kamar fasasshen gilashi. Amma wannan ra'ayina ne, akwai masu sonsa.

HAJIYA: Ni abin da na koya a yawon kasuwa, fitilar kanti makira ce. Ƙananan fitilun nan na rufi, ko gindin kwalba ka sa a ƙasansu sai ya yi rawa. Na ce wa yaron kantin ya biyo ni bakin ƙofa da dutsen. Ya yi ta gunaguni, amma ya zo. A inuwa ne marar kyan ya mutu murus.

BABA ISA: Kin yi daidai. Inuwar bishiya ta fi kowace fitila faɗin gaskiya. Rana tsaka irin ta Yamai kuwa wani abu take tonawa: wasu duwatsun suna ɗan yin shuɗi a cikinta, kuma takarda tana faɗin haka. Sannan ga maganar launi. Awon yana farawa daga D, fari tas, ya gangara har Z mai rawaya. Matanmu zinariya 21 suke so, ja-wur. Ka sayi D da tsada ka dasa shi cikinta, rawayar zinariyar za ta shiga cikinsa. Gara a sauko ƴan matakai a launi, kuɗin a zuba su a yanka.

RAKIYA: Na ɗakin gwaji fa, wanda ake haɗawa da inji?

BABA ISA: Lu'ulu'u ne na gaske, sinadari ɗaya, tauri ɗaya, ido ba ya raba su. In an yanka shi da kyau zai yi ƙyalli daidai da na ƙasa da ake haƙowa a Botswana, kuma galibinsu duka a Surat ta Indiya ake yanka su. Farashinsa dai ya faɗi ƙwarai.

HAJIYA: Faɗuwar nan ita ce tsorona, har ga na ƙasa. Warwaron zinariya, ran da ta ɓaci, in kai shi Babbar Kasuwa a ɗora a sikeli a ƙirgo min sefa. Zoben lu'ulu'u fa? Malam Isa, in na kawo maka, nawa za ka ba ni?

BABA ISA: Gaskiya? In cire dutsen in miƙa miki, in auna zinariyar.

HAJIYA: Kin ji ko, Rakiya!

RAKIYA: Na ji. To Hajiya, a ƙarshe wanne kika ɗauko wa amarya?

HAJIYA: Mai hasken, ba na wani babban suna ba. Ga shi ma a jaka, na gwada shi jiya. Amma Malam, yau na ga kamar ya dushe, gabana ya faɗi.

BABA ISA: Miƙo luf ɗin can, gilashin ƙara girman nan, ɗiyata. Hajiya, kin shafa man kaɗanya kafin ki taɓa shi?

HAJIYA: Da hunturun nan wa zai zauna bai shafa ba?

BABA ISA: To shi ne. Lu'ulu'u maiƙo yake kamawa, ƙura ta zo ta zauna a kai, duk lissafin Tolkowsky ya tafi hutu. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori mai taushi, a goge ta ƙasa. Yaro, ɗebo ruwa a butar shayin nan, ka sirka.

RAKIYA: Masu saurare, bari mu dakata nan, Hajiya ta tashi tsaye tana sa ido kada zoben mutane ya faɗa kwata. Sai mako mai zuwa.