Jan idon da ke fitowa a hoto, daga ina yake?

Jama'a barkanmu da warhaka. Kun taɓa ɗaukar hoto da daddare da filasha sai ku ga tsakiyar idon mutum ya fito jajir? To ba kyamarar ce ta samu matsala ba, jini ne na gaske kuka hango can ƙuryar ido.

Shi ido riga uku gare shi. Ta waje ita ce farin nan mai tauri, ta can ciki ita ce retina mai karɓar haske, sai ta tsakiya da likitoci ke ce wa yubiya, sunan daga kalmar inabi ne a Latin, don in aka ɓare farin sai ka gan ta kamar baƙin inabi. Gabanta shi ne baƙin idon da ke tsuke ƙofar haske a rana ya buɗe ta a duhu, a bayansa akwai zoben tsoka mai daidaita gani kusa da nesa, shi ne kuma ke samar da ruwan gaban ido.

Amma ni wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɓangaren baya na yubiya, wato koroid. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma mafi yawan jinin da ke shiga ido ta nan yake bi, jijiyoyi ne cunkus a kan juna. Me ya sa? Ƙwayoyin da ke karɓar haske a retina suna cin iskar oksijin sosai ba dare ba rana, to in aka shimfiɗa jijiyoyi da yawa a gabansu ai sun tare hasken, shi ya sa abincinsu ta baya yake zuwa. Ɗan wurin nan na tsakiyar retina da kake karatu da shi, kake gane fuskar mutum, ko jijiyar jini ɗaya babu a cikinsa, koroid ne ke ciyar da shi.

Sannan koroid ɗin yana da baƙin launi na melanin mai shanye hasken da ya yi rara, kar ya riƙa yawo cikin ido gani ya dishe. Filasha ce kawai ke shammatarsa, ta shiga kafin ƙofar ta tsuke, ta dawo da launin jinin.

Rigar tsakiyar nan, yubiya, tana kumbura fa. In ido ya yi ja yana ciwo, haske na damunka, gani ya yi hazo ko kana ganin ɗigo-ɗigo na shawagi, don Allah kar ka tsaya ɗiga magani da ka, je likitan ido ya duba da wuri, don yana iya taɓa gani.