Kariya: mi ya sa reshen da kuka dasa yake ruɓewa?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan fulawar da ta cika TikTok kwanan nan, mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda, wadda masu saida fulawa ke tsuga mata kuɗi suna kiranta da sunan Turanci, ku dube ta da kyau. Kariya ce fa. Ita dai wannan da kakanninmu suka sani a ƙauyukan Katsina da Daura, akuya ma ba ta kallonta.

Asalinta yankinmu ne na Sahel, tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta tsallaka har Yaman. Masana na ce mata Adenium obesum, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya, shi ya sa in kwanson ya fashe za ku ga irin yana da gashi iska na ɗauka. Kwanson biyu-biyu yake fitowa. Furenta kunne biyar, kuma abun mamaki da rani take yi, lokacin da ta kakkaɓe ganye ko'ina ya bushe. Mutanen Tailan da Taiwan ne suka ɗauke ta suka yi ta aure suna fiddo kala-kala, yanzu mu ake saidawa. Allah Ya kyauta.

To mu zo kan abun da ya sa kuka cika mani saƙo, wai na yanko reshe na dasa, sati bai zagayo ba ya yi baƙi ya narke. Malam kai ka kashe shi da hannunka. Kariya ba rogo ba ce da za ka sara yau ka turbuɗe yau. Jikinta duk ruwa ne take ajiyewa don rani, in ka yanke ka cusa ɗanyen ciwon nan cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓa ce za ta shiga ta nan ta yi sama.

Ga yadda ake yi. Wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya, reshe kamar taƙi guda. Sai a shafa toka ko garin gawayi a bakin, a aje shi inuwa inda iska ke shiga, ba rana ba, ba cikin leda ba, kuma don Allah ba cikin gorar ruwa ba kamar yadda na ga wata Hajiya ta yi a bidiyo. A ƙyale shi kwana biyar zuwa sati. Na san zuciya za ta riƙa ce maka ai mutuwa zai yi, ba zai mutu ba. Reshen da aka yanka yau, bakin sharkaf yake, har yana maƙale ma yatsa. Wanda ya sha iska kuwa, bakin ya ƙame ya yi ɓawo, ɗan yamutsewar nan ba komai ba ce. Wannan ake dasawa.

Sauran mai sauƙi ne. Tukunya mai huda a gindi, yashi da yawa, taki kaɗan, rana sosai. Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, da hunturu ma kusan a manta da ita, in marka ta kama a Agusta a jawo ta ƙarƙashin rumfa. Ni dai na fi son yanka da bazara.

Ƙaton gindin nan kuwa galibi daga iri ake samunshi, sabon iri cikin sati yake tsirowa, na reshe sai ya daɗe kafin ya kumbura.

Sannan ruwanta dafi ne, zuciya yake taɓawa. Da shi mafarauta ke shafe kibiya, 'yan ƙabilar Hadza a Tanzaniya har yanzu suna yi, masunta kuma su kashe kifi da shi. Kar wani ya ce maku ku dafa ku sha wai magani. In kun gama yanka ku wanke hannu da wuƙar da sabulu, tukunyar kuma a ɗora ta inda yara ba su kai.